Agogon Da Ya Daɗe Yana Hana Inji Barci

'Yan'uwanmu mutanen Jos da ke zaune a Agege, da Idi-Araba, da Obalende, da Sabon Badun, da Shagamu, kun dai san abin da a ke fara roƙonku in kun tashi zuwa ganin gida. A da turmin atamfa ne da akwatin rediyo. Yanzu kuwa waya ce, kuma sharaɗin da a ke gindaya muku guda ɗaya ne, watau ta kasance mai riƙe caji. Tsohuwar da ke Gangare ko Unguwar Rogo ba ruwanta da yawan idon kyamara da ke bayan waya. Abin da ta ke so shi ne, ko an kwana biyu ba wuta, in ɗanta ya kira daga Ikko ya same ta.

To, mai saye ya kan shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, a nuna masa kwali an rubuta 5,000 ko 6,000, a ce masa ƙarfin batir ke nan, ya biya ya tafi. Ba a yi masa ƙarya ba, amma rabin zancen aka gaya masa. Girman batir kamar girman randa ne, in tana yoyo, ko ta kai ina sai ta ƙafe kafin gari ya waye. Akwai kuwa wani yoyo can cikin inji wanda ido ba ya gani, wanda masana suka yi shekara kusan 20 suna toshewa, har zuwa 2024. Shi ne mu ke so mu warware wa jama'a yau a wannan fili.

Heluma da leburorinsa

Kowace waya ta zamani, da kowace kwamfuta, tana da wani ɗan abu a cikinta wanda bai fi farcen babban yatsa ba, shi ke yin dukkan lissafi. Turawa suna ce masa furosesa, mu kuwa bari mu ce ƙwaƙwalwar inji. A da ma'aikaci ɗaya ne tak a cikin ƙwaƙwalwar nan. Yau ko wayar Tecno ko Itel ko Infinix mai sauƙin kuɗi ka buɗe, za ka tarar da huɗu ko takwas, kowanne yana iya ɗaukar nasa aikin. Ma'aikatan nan ba su san komai ba sai abin da aka umurce su. Mai ba su umurni wata manhaja ce da ke ƙarƙashin dukkan manhajoji, ana ce mata kanel, kada dai wani ya zaci Kanar na soja a ke nufi. Duk wanda ya taɓa ganin aikin kuza a Bukuru ko Barikin Ladi zai gane matsayin kanel nan da nan. Shi ne heluma, mai raba wa leburori aiki, mai riƙe da littafin lokaci.

Heluman da ke cikin dukkan wayoyin Android sunansa Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991 a Jami'ar Helsinki, ya sake shi kyauta, ya zuwa yau dubban mutane a ƙasashe daban-daban sun sa hannu a cikinsa.

Heluma dole ya san lokaci, domin littafinsa cike ya ke da alkawura. Manhajar saƙo ta kan ce masa, na aika wa waje magana, in ba a amsa ba nan da sakan 30 ka tuna mini in sake aikawa. Fuskar waya ta kan ce, in ba a taɓa ni ba nan da minti ɗaya ka kashe mini haske. Irin waɗannan alkawura suna da yawan gaske, kowanne da lokacinsa. Dabarar da aka fara yi tun farko ita ce a sa wani agogo ya riƙa buga ƙararrawa a kai a kai. Duk lokacin da ya buga, ma'aikaci ya ajiye abin da ke hannunsa, heluma ya ƙara ɗaya a ƙidayarsa, ya duba littafi ko akwai alkawarin da ya cika, sa'an nan a koma aiki.

A kwamfutar da kamfanin IBM ya fito da ita a 1981, agogon nan yana bugawa sau 18 da 'yan kai a kowane sakan. Linux ya fara da sau 100. A ƙarshen 2003 aka ɗaga shi zuwa sau 1,000 a kwamfutocin ofis da na gida domin inji ya ƙara saurin amsawa, sa'an nan a 2005 aka sassauta, aka ba masu haɗa inji zaɓi, aka tsaya a kan 250 ga wanda bai zaɓa ba. Windows kuwa sau 64 ya saba. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya gani. Sau 250 a sakan ya zama bugu 21,600,000 a kwana ɗaya. Sau 1,000 ya zama 86,400,000. Kuma kowane ma'aikaci nasa bugun daban, watau in takwas ne sai a riɓanya sau takwas.

Ƙidayar bugun nan ma ta taɓa jawo abin dariya. A Windows 95 da 98, wurin da a ke ajiye ƙidayar lokaci ya kan cika bayan kwana 49 da awa 17, sai inji ya sandare. An daɗe kafin a gano, domin da wuya a sami wanda ya bar kwamfutarsa a kunne har tsawon haka. A ƙasarmu kam ba mai kai wa nan, wuta ta riga ta raba gardama.

In ma'aikaci yana cikin aiki, bugun agogo bai cika damun kowa ba. Matsala tana zuwa ne in ba aiki, kuma gaskiyar magana ita ce yawancin rayuwar inji zaman jira ne. Kana karanta saƙo ɗaya, a wurin ƙwaƙwalwar inji ka bar ta shekara da shekaru ba abin yi. Masu ƙera ta sun yi mata barci hawa-hawa. Akwai gyangyaɗi, wanda ma'aikaci ke farkawa daga cikinsa a kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan na sakan, amma wutar da ya ke ragewa kaɗan ce. Akwai barci mai nauyi, inda a ke yanke masa wuta kusan gaba ɗaya, a kwashe abin da ya riƙe a ƙwaƙwalwarsa ta kusa a kai ma'aji. Wannan shi ke tanadin wuta sosai, sai dai shiga cikinsa da fita daga cikinsa suna cin lokaci, suna kuma cin wuta su ma. In barcin ba zai yi tsawo ba, hasara ce a shige shi. Ga kuma wani ƙarin sharaɗi, ba a iya kashe wutar ɗakin gaba ɗaya sai dukkan ma'aikata sun kwanta a lokaci guda.

'Yan'uwanmu da ke aikin gadi a Ikoyi da Apapa sun san al'adar da ta buga ƙarfe kowace awa domin mai gida ya san ana farke. To, a ƙaddara mai gadin da ke buga ƙarfensa sau 250 a sakan, kuma doka ce duk wanda ke gidan ya tashi zaune ya tambaya ko shi a ke nema, a ce masa a'a, ya koma ya kwanta. Haka inji ya kwana shekara da shekaru.

Abin da ya haɗa Jos da wannan zance

Na farko dai kuza. Ƙwaƙwalwar inji ba ta zauna a kan allonta ba sai da aka liƙa ta da narkakken ƙarfe, irin wanda ku ke ganin masu gyaran waya na titin Ahmadu Bello suna ɗiga wa da bakin ƙarfe mai zafi. A da ana gauraya kuza kashi 63 da dalma kashi 37. Tun da ƙasashen Turai suka hana dalma a kayan lantarki a 2006, abin liƙin ya koma kusan tsantsar kuza, fiye da kashi 95. Kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita yau a wannan aiki ta ke tafiya. Watau ƙarfen da ya tara Hausawa da Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu a kan dutsen Filato, wanda saboda shi aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos a 1914, shi ne ke riƙe da cikin kowace waya.

Na biyu wuta. Saboda kuzar nan ne mutanen Filato suka riga yawancin ƙasar nan sanin wutar da ruwa ke bayarwa. Kamfanin NESCO ya fara aiki a 1929, ya kafa tasharsa a mafaɗar ruwa ta Kurra domin injunan haƙa. Amma ciniki ya ja baya, farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a watan Oktoba 1985, gari kuma ya yi ta girma. Yawancin unguwanni suka rataya a wuyan NEPA da aka kafa a 1972, daga nan PHCN a 2005, daga nan kamfanin rarraba wuta na Jos a 2013. Yau in ka bi Dilimi ko Rikkos ko Farin Gada, za ka ga faifan hasken rana a kan rufin kwano, da shagunan caji an jera wayoyi kamar ƙwai a faranti. Wanda ke kan faifan rana da batir ɗaya ba ya wasa da ko ɗigon wuta, don ya san abin da rana ta zuba masa shi ke nan har gobe.

Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Badun kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975, ta ɗanɗani wannan tun da wuri. A 1999 wani malami Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya yi zaman koyarwa a can, ya ga yadda hanyar intanet ta ke da ƙunci da tsada. Daga abin da ya gani ne aka haifi dabarar da a ke kira eGranary, watau rumbun karatu: a kwafo ɗimbin littattafai da shafuka a zuba cikin inji ɗaya, a ajiye shi a harabar makaranta, ɗalibai su riƙa ɗiba ba tare da sun fita waje ba. Irin wannan inji ba a kashe shi, dole ya kwana a kunne ko da mutum ɗaya ne zai zo nema da tsakar dare. Kuma injunan wancan zamani, ko Windows ke cikinsu ko Linux, agogonsu bai daina bugawa ba ko da ba kowa a ɗakin karatu. Batir ko janareta ne ke biyan kuɗin wannan farkawa ta banza.

A maƙwabta ma an yi ta fama. A shekarun 2000 Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan ta haɗa kai da wani ƙaramin kamfani na Ingila a kan gwajin wata kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara ta yi aiki da hasken rana ko batirin mota. A 2007 kuma aka kai ƙananan kwamfutocin yara masu suna XO wata makarantar firamare a Galadima kusa da Abuja. Masu ƙera XO har so suka yi inji ya riƙa barci tsakanin danna harafi da harafi, fuskarsa kuma tana nan a kunne. Ba yadda za a yi haka ya yiwu muddin mai gadi yana buga ƙarfe.

Yadda aka kwantar da agogo

A watan Afrilu 2007 aka fito da Linux mai lamba 2.6.21, a cikinsa akwai aikin wasu masana biyu, Thomas Gleixner na Jamus da Ingo Molnar na Hungari. Dabarar in an faɗe ta sai ka ce yaro ma zai yi tunaninta. In ma'aikaci ya gama abin da ke gabansa, heluma ya buɗe littafi ya nemi alkawarin da ya fi kusa. In ya ga sai nan da sakan biyu, sai ya tsai da bugun agogo, ya saita ƙararrawa guda ɗaya a kan sakan biyun, ya ce wa ma'aikaci kwanta. In mai waya ya taɓa fuska kafin nan, ko saƙo ya shigo, wannan ma yana tayar da shi. Da ya farka sai heluma ya duba wata ƙidaya da ba ta tsayawa, ya lissafa bugu nawa aka tsallake, ya cike gurbi.

Faɗa da sauƙi, yi da wuya. Sassa da yawa na kanel an gina su ne a kan cewa ƙararrawa za ta zo ko ta halin ƙaƙa, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma wani cikas mai ban haushi a wasu ƙwaƙwalen Intel na lokacin: in ma'aikaci ya shiga barci mai nauyi, ƙararrawarsa ta kusa ita ma sai ta yi barci tare da shi. Dole aka nemi wani agogo na waje ya riƙe lokacin kowa ya riƙa tayar da su, har zuwa lokacin da aka ƙera masu ƙararrawar da ba ta kwanciya.

Da aka kwantar da agogo sai asirin wasu ya tonu. A 2007 ɗin nan wani injiniyan Intel, Arjan van de Ven, ya fito da wata 'yar manhaja mai suna PowerTOP wadda ke jero sunayen masu tayar da inji da yawan tashin da kowanne ya yi. Sai ga shi manhajoji da yawa suna ta leƙowa ba dalili, kamar yaron da aka ce masa baƙo na zuwa ya dinga zarya bakin ƙofa. A ganina wannan tonon silili ya yi amfani daidai da gyaran kanel ɗin kansa, domin kunya ce ta sa masu manhajojin suka gyara.

Sauran gyare-gyaren da suka biyo baya hikimar tashar mota ce. Direba a tashar Bauchi Road ba ya tashi da fasinja ɗaya, sai mota ta cika. Haka aka koya wa heluma ya tara alkawuran da ba na gaggawa ba ya cika su a tashi ɗaya. Wasu aka ce su jira cikar sakan, wasu aka yi musu alama cewa kada a tayar da mai barci dominsu, su jira har ya farka don kansa. A 2008 aka ba alkawuran manhajoji rangwamen kashi 50 cikin miliyan na sakan domin a sami damar haɗa su. Windows ya bi sawu a 2009 da 2012, kamfanin Apple a 2013. A 2016 kuma aka sake tsarin littafin Linux gaba ɗaya bisa wata lura: yawancin alkawuran nan na ko-ta-kwana ne, a kan soke su tun kafin lokacinsu ya yi, domin amsar da a ke jira ta riga ta iso. Saboda haka aka daina wahalar jera na nesa daki-daki, aka yarda su makara da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na tsawonsu ba.

Wa zai tashi, wa zai kwanta

Saura ƙulli guda, shi ne kuwa ya fi daɗewa. A ɗauka samari takwas ne a ɗaki ɗaya a Agege cikin watan azumi. Kowa da abin da ya ke so a yi da dare, wannan a sauke masa tukunya ƙarfe uku, wancan a cire masa waya daga caji ƙarfe huɗu. In kowa ya saita nasa agogo, ɗakin ba zai ga barci ba. Maƙwabtanmu Yarbawa suna da masu yawon tashin sahur da su ke kira ajisari, mu ma muna da namu, kuma hikimar ɗaya ce, mutum ɗaya ya farka domin saura su huta.

Tsohuwar hanyar Linux ita ce turawa. A lokacin da a ke rubuta alkawari, sai heluma ya duba wane ne ke farke a yanzu ya tura masa. Illar ita ce wannan canki ne. Wanda ke farke ƙarfe goma yana iya zama shi ya fi kowa nisa a barci ƙarfe uku, sai a tayar da shi alhali ga wani can a zaune yana aiki. Ban da haka, tun da yawancin alkawuran sokewa a ke yi, wahalar neman wanda za a tura wa ta tafi a banza.

Sabuwar hanya ita ce jawowa, aikin wata injiniya Bajamushiya mai suna Anna-Maria Behnsen ta kamfanin Linutronix, tare da Gleixner. Tun 2017 aka fara nuna shi, bai shiga ba sai a Linux 6.9 a watan Mayu 2024. Yanzu kowa yana ajiye alkawarinsa a littafinsa. In zai kwanta sai ya gaya wa ƙungiyarsa lokacin na farko a ciki. Ƙungiya ba ta wuce mutum takwas, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ke farke shi ne wakili. In lokacin alkawarin mai barci ya yi, wakili ya jawo shi ya cika a madadinsa. In wakili shi ma ya gama aikinsa, ya miƙa wa wani mai farke. In duk ɗakin ya kwanta, maganar ta hau sama zuwa ƙungiyar ɗakuna, a nemi mai farke a ɗakin kusa, domin manyan injuna na bankuna da kamfanonin waya suna da ma'aikata ɗaruruwa. In kuwa gidan duka ya yi shiru, wanda ya kwanta a ƙarshe shi ke saita ƙararrawa guda ɗaya a kan alkawarin da ya fi kusa. Akwai dai alkawuran da ba mai iya cika su sai mai su, waɗannan dole a tayar da shi. Bayan shigar wannan aiki ma sai da aka yi ta bin sa da gyara, domin wurin da mutum biyu za su kwanta a lokaci guda kowa yana zaton ɗaya ne wakili, nan ne alkawari ke faɗuwa ƙasa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan kaɗai ke riƙe masa caji. Hasken fuska da neman layi su ne manyan masu shan batir, kuma inda layi ba ƙarfi, kamar ƙauyukan da ke bayan duwatsu, waya ta kan ƙara ƙoƙari ta ƙara sha. In kuma waya tana aljihu fuska a kashe, Android yana da wani babban barci da ya wuce duk waɗanda muka ambata, inda a ke dakatar da kusan komai sai ƙaramin agogo da kunnen jiran kira. Manhajojin da ke hana ta shiga wannan barci su ne ɓarayin dare. Shi ya sa a 2015, a Android 6, aka shigo da tsarin da ke tilasta musu jira in waya ta daɗe a ajiye, a riƙa buɗe musu ƙofa jefi-jefi su gama harkarsu tare. Wanda ya cika wa tsohuwarsa waya da manhajoji 40 kafin ya kai mata, ya kai mata masu buga ƙarfe 40 ne.

Sabon aikin 2024 kuwa bai kai yawancin wayoyin da ke hannun jama'a ba, domin masu ƙera waya su kan zauna a kan kanel ɗin da suka fara da shi har ta mutu. Da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi suna kan 4.19 ko 5.10, waɗanda suna da gyaran 2007 da na 2016 amma ba su da na jawowa. Sai kanel 6.12, wanda Android 16 ta 2025 ta zo da shi ga sababbin wayoyi, ke ɗauke da shi. Mai saye yana iya dubawa tun yana gaban mai shago: ya shiga wurin saiti, ya gangara zuwa bayanin waya, ya taɓa lambar Android, a nan zai ga lambar kanel a rubuce.